Sakan Arba'in ɗin da Na Sace

Jama'a, yau ba doguwar gaisuwa, don ko zama na kasa yi. A tsaye nake rubuta muku wannan, ina kai-komo tsakanin gado da taga kamar wadda aka zuba wa garwashi a takalmi. Masu cika min akwatin saƙo da "Auta, an sa rana?", ku ɗan saurara. Akwai abin da na aikata, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Sata na yi.

Ba kuɗi ba, ba sarƙa ba. Sakan arba'in na sace daga cikin wani tsohon fim, na yi kwana biyar ina yawo da su a jaka suna ƙona ni.

Ga wanda yau ya fara biyo ni, bari in gajarta masa. Ni ce auta a gidanmu, sunan kuma ya bi ni har wurin aiki. Shekarata ashirin da shida. Edita ce ni a wani ƙaramin kamfani mai shirya finafinan tarihi, irin waɗanda ba wasa ake yi a ciki ba, tsofaffi ake zaunarwa gaban kyamara su faɗi abin da suka gani da idonsu. Aikina in zauna a ɗaki mai sanyi marar taga, in yanka nan in haɗa can, har surutun awa talatin ya koma labarin awa ɗaya da rabi. Shekara biyu muna kan fim ɗaya: tarihin tsofaffin gidajen sinima na garinmu da taurarin zamanin hoto baƙi da fari. Saura sati uku a haska shi, kuma shi ne karo na farko da sunana zai fito shi kaɗai a kan allo.

A lokacin kuma saura kwana goma dangin Likita su zo a tsayar da ranar aurenmu.

Likita likitan haƙori ne. Dogo, mai sanyin magana, irin mutanen nan da in kana dariya ba dariyar suke kallo ba, haƙoranka suke dubawa. Ina son sa, kada wani ya ce ban faɗa ba. A gidanmu ma kowa na son sa, amma ba wanda ya kai Gwaggo.

Gwaggo yayar Abba ce, shekararta saba'in da ɗaya. Ita ta ƙarasa renon Abba bayan iyayensu sun rasu, ita kuma ta goye ni. Ta taɓa wani gajeren aure da ba a cika zancensa ba, ba ta haihu ba. Ɗakinta na kusa da ƙofar gida, ita da keken ɗinkinta mai ƙafa, da akwatin ƙarfe ɗaya, da ƙamshin man keke. Tun tasowata na san abu biyu game da ita. Ba ta kallon talabijin. In aka kunna a falo sai ta tattara zarenta ta fita. Ba ta kuma yarda a ɗauke ta hoto. Ku duba duk hotunan bikin yayyena, abin da za ku samu nata gwiwar hannu ne ko gefen mayafi.

To ku ƙiyasta yadda ta ɗauki aikina.

Ranar Litinin da safe na fito cikin doguwar rigata mai ruwan toka, jaka a kafaɗa, ina cusa ɓarin burodi a baki. Ko ɗagowa ba ta yi daga kan keken ba.

"Auta. Har yanzu kina zuwa wurin 'yan hoton nan?"

"Gwaggo, aiki ne fa."

"Ɗinki ma aiki ne. Koyarwa aiki ne. Ki miƙa musu makullinsu kafin mutanen nan su zo, kin ji dai na faɗa miki."

"Likita bai ce in bari ba."

"Likita daga sama ya faɗo? Ba shi da uwa? Ba shi da dangi?"

Umma na falo, ta taka kujera tana rataye sababbin labule, karo na uku ke nan tana canza su saboda baƙin nan. Ta leƙo da allura a baki ta ce, "Ki dai ji maganar Gwaggonki." Na ce to, irin to ɗin da kowa ya san ba to ba ne, na fice.

Yanzu bari in gabatar muku da Mai Lema.

Duk tsohon da muka zaunar gaban kyamara, ko me aka tambaye shi, sai ya ɓullo da ita. Fim uku kacal ta yi, ta ɓace kamar ƙasa ta haɗiye ta. Ba wanda ya san sunanta na yanka, don a fastar tallan fim ma laƙabin ake rubutawa. Wani tsohon direba ya ce mana sau biyar ya sayi tikiti don kawai ya ga inda take sauke lema. Wata tsohuwar malamar asibiti ta ce a shekarar nan 'yan mata sun yi ta yawo da lema ko hadari babu. Darakta, maigidana a wurin aiki, mutum mai tumbi da tauna murfin biro, ya yi shekara biyu yana neman ko da hotonta ɗaya. Abin da ya samu rabin fasta ne, kuma daidai fuskar gara ta cinye.

Ranar Litinin ɗin nan sai ga Baba Mai Inji a tasi, da buhu a hannu. Shi ne ya yi shekara talatin yana haska fim a babbar sinimar garin kafin a mayar da ita wurin ajiye siminti. Mun yi hira da shi sau huɗu bai taɓa cewa yana da komai ba. Ya kwance buhun ya fito da gwangwanaye uku masu faɗi, duk tsatsa.

"Shekara arba'in da takwas suna ƙarƙashin gadona," ya ce. "Fim ɗinta na ƙarshe ne. Sai da na tabbata ku ba 'yan wasa ba ne."

Darakta har rungume shi ya yi. Amma yana da hira da wani tsohon makaɗi a ɗaya gefen gari, mutumin kuma ba lafiya gare shi ba, ba a ɗaga masa rana. Ya sauke Baba a gida a kan hanyarsa, ya bar ni da gwangwanayen.

"Edita, a hankali don Allah. Sau ɗaya zai bi ta inji, ba zai jure na biyu ba."

Na sa safar hannu na buɗe. Wani wari mai tsami ya bugi hancina. Biyu sun narke sun dunƙule, ba abin da za a cira. Na ukun ne da sauran rai. Na ɗora shi a injin da ke kwafe tsohon fim zuwa kwamfuta, na kunna ina addu'a.

Kasuwa ta fito, hoton na rawa. Motoci masu dogon hanci. Sai tashar jirgin ƙasa, ana ruwa. Sai wata mace a tsaye ta ba da baya, lema ta rufe ta. Na matso da kujera.

Ta juyo. Ta sauke lemar a hankali.

Yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba. Idanu manya, wushirya, wata irin dariya ta wanda ya san ana kallon sa kuma bai damu ba. Na ce a raina, lallai direban nan bai yi asarar kuɗin tikitinsa ba. Sai idona ya sauka a kan hannun da ke riƙe da lemar. Ƙaramin yatsan hagu a karkace yake, ya lanƙwashe waje.

Na san yatsan nan. Ƙofa ce ta datse shi tun tana ƙarama. Na yi shekara ashirin ina kallon sa yana tura yadi ƙarƙashin allura.

Kafin in gama ce wa kaina kama ce kawai, ta buɗe baki.

"In za ka tafi ka tafi. Amma kada ka waiwayo, don ba za ka same ni ina kuka ba."

Jama'a, muryar da ta ce min in miƙa makulli da safen nan ce. Ta fi ƙuruciya, ta fi zaƙi, amma ita ce. Gwaggo. Gwaggona mai gudun talabijin.

Zaren fim ɗin na fitowa ta ɗaya gefen yana karyewa kamar busasshen ganye. Ma'ana, duk duniya ba sauran inda fuskar nan take sai a kwamfutar da ke gabana.

Na miƙe. Na zauna. Na sake miƙewa na zagaya tebur. Abin da ya dinga zuwar min shi ne fuskar Hajiyar Likita, mahaifiyarsa, mace mai tsare gida wadda ko murmushi aunawa take yi, zaune a falonmu ƙarƙashin sababbin labulen Umma. Sai fuskar Gwaggo, in ta ji cewa ni, 'yar da ta goya, ni na tone abin da ta yi kusan shekara hamsin tana binnewa. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa hannuna ne ya yi ba da sanina ba. Da sanina na tura sakan arba'in ɗin nan cikin wayata, na goge su daga kwamfuta.

Da la'asar Darakta ya faɗo ɗakin yana haki.

"An samu?"

"Kasuwa da tashar jirgi kawai," na ce, idona a kan allo. "Daidai inda za ta juyo ya narke."

Ya cire murfin biron daga bakinsa ya kalle shi kamar bai san abin da ya kawo shi hannunsa ba. Sai ya zauna a ƙasa, babban mutum, ya jingina da bango. Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Na ƙona rigar Umma da dutsen guga. Na zuba gishiri a shayin Abba. In na wuce ƙofar Gwaggo sai in saci kallon ta, ina neman yarinyar nan a cikin fuskar, har ta ce, "Ke lafiya? Bashi kike bi na da ido?" Na shiga banɗaki na kalli sakan arba'in ɗin ya fi sau talatin, murya a ƙasa.

Laraba da rana saƙon Likita ya shigo.

"Ranki ya daɗe, kwana biyu amsarki daga 'to' sai 'eh'. Haƙori ne ko zuciya? Ɗaya na karanta a makaranta, ɗayan zan gwada."

Na rubuta "Ba komai," na goge. Na rubuta "Akwai magana," na goge. Na ɗauki mayafi na tari tasi zuwa asibitinsa.

Ba kowa a layi. Ya zaunar da ni a kujerar marasa lafiya don tsokana, ya sauke takunkumin fuskarsa zuwa haɓa.

"Ni ma ina da labari. Jiya Hajiya ta tsare ni. Wai wata ƙawarta ta ce mata 'yar fim zan auro."

"Ka ce mata me?"

"Na ce ba kya fitowa, kina can bayan kwamfuta ba mai ganin ki. Na ce ta kwantar da hankalinta, gidanku ga Gwaggo nan, ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Nan take ta saki rai." Ya yi dariya. "Gwaggo ce ta cece mu, sai na kai mata turare."

Na kalli fitilar da ke saman kaina har idona ya kawo ruwa.

"Da a ce ina fitowa fa?"

"Ai ba kya fitowa."

"Na ce da a ce."

Ya daina dariyar. Ya zare safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya jefa a kwando.

"Auta, ke nake so, kin sani. Amma uwa ɗaya gare ni. Kada ki sa ni amsa tambayar da ba a yi mana ba."

Ku gaya min, wannan amsa ce ko ba amsa ba ce? Ni dai har na koma ofis ina juya ta, ban gane gabanta ba balle bayanta.

Alhamis ce ta karya ni. Baba Mai Inji ya zo ganin Mai Lema a allo. Ya sha wanka, ya sa farar riga mai karin guga da sabuwar hula, kamar mai zuwa zance. Darakta ya ja shi gefe ya gaya masa. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Laifina ne. Da na kawo da wuri."

Ya ce a nuna masa ko abin da ya saura. Na kunna masa. Ya kalli kasuwar, ya kalli motocin. Da aka zo tashar jirgi sai ya matso gaba, leɓɓansa na motsi, yana faɗin maganarta tun kafin ta juyo. Allon ya yi baƙi. Ya ci gaba da kallon baƙin allon na ɗan lokaci, sannan ya cire sabuwar hular ya share ido da ita.

"Na gode, jikata. Kin yi iya ƙoƙarinki."

Wayar na cikin jakata a kan cinyata. Wallahi ji na yi kamar ta yi nauyin bulo.

Yau Asabar. Bayan azahar Umma ta tafi kasuwa canjo kafet, wai wanda ta saya bai shiga da labulen ba. Abba na falo ya baje cikin tsohuwar rediyonsa a kan jarida. Tun da ya yi ritaya daga gidan waya yake gyaran ta. Na yi sintiri a ƙofar Gwaggo sau huɗu. A na biyar ta ce daga ciki, "Ko ki shigo ko ki tafi, kina tare min haske."

Na shiga. Tana ɗinka rigar da zan sa ranar zuwan baƙi, shuɗiya mai ƙananan furanni a wuya. Na jingina wayar da jikin keken, na danna.

Ƙafarta ta tsaya a kan feda.

Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba. Na shirya wa mari, na shirya wa kuka. Sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ba ni tabarau na."

Na ba ta. "Sake sawa."

Na sake. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar. Da yarinyar ta sauke lema, sai na ji Gwaggo ta ja numfashi.

"Lemar aro ce," ta ce a hankali. "Ƙarfe ɗaya ya karye, shi ya sa nake karkata ta. Ruwan kuma da bokiti wani ke zubowa daga saman rumfa. Na yi sati ina mura."

"Gwaggo…"

"Rigar ni na ɗinka. Dubi kafaɗar, ko yau ba mai yi miki irin ta."

Na durƙusa a gefen keken. Ta cire tabaran ta riƙe a hannu.

"Tela ce ni a wurin masu fim, ba wani abu ba. Ran nan wadda za ta yi wasan ba ta zo ba, rigar kuma a jikina na auna. Mai fim ɗin ya ce, ke, tsaya nan, riƙe wannan. Shi ke nan fa. Fim uku a shekara biyu. Na ce kada a sa sunana, ina ganin wayo na yi." Ta yi wata 'yar dariya. "Sai aka manna fasta a bangon da ke kallon shagon uban wanda zan aura. Saura kwana takwas biki. Danginsa suka zo, ba zagi ba faɗa. Suka zauna a tabarmar Babanmu, suka sha ruwa, suka ce a yi haƙuri. Ina cikin ɗaki ina jin su."

"Shi fa? Bai ce komai ba?"

"Ya aiko a ce min ba laifinsa ba ne." Ta ɗaga kafaɗa. "Wannan duk mai sauƙi ne. Abbanki ne. Yana ɗan shekara goma sha biyu, yara na bin sa da waƙa a hanya. Ya dawo da riga a yage, baki a fashe. Ya yi shekara bai kalli fuskata ba. Ranar da ya dawo haka na haɗa hotunan da fastocin na cinna musu ashana."

Ta mayar da ido kan wayar, inda hoton ya tsaya a kan dariyar.

"Kin san abin dariya? Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ban taɓa taka sinima ba a rayuwata. Yau na fara ganin yarinyar nan." Ta shafa gilashin wayar da karkataccen yatsan. "Ashe haka take."

"Sau tara na kalla."

Muka juya tare. Abba ne a bakin ƙofa, sukudireba a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

"Ta katangar baya nake haurawa," ya ce. "Sau tara, Yaya. In kin sauke lemar nan duk sinima sai ta ɗauki ihu, ni kuma in ji kamar in hau benci in ce yayata ce."

Gwaggo ta ƙura masa ido. "Kai da ka daina kallo na?"

"Ba kunya ba ce. Rigar da ta yage, wani ne ya zage ki na fasa masa hanci. Ranar da mutanen nan suka zo ina bayan ƙofa, na ji komai, ban iya yi miki komai ba. Shi ne na kasa haɗa ido da ke."

Hawaye ya zubo masa. Ban taɓa ganin Abba yana hawaye ba, ko ranar da aka yi masa aikin ido.

"Shekara arba'in da takwas," Gwaggo ta ce, "sai yau bakinka ya buɗe?"

"Ke ma ai ba ki tambaya ba, Yaya."

Ta ɗauki tef ɗin awo ta jefe shi da shi. Ya cafe. Suka kama dariya su biyu, irin dariyar da ba ta da maraba da kuka, ni kuma ina durƙushe a tsakani kamar baƙuwa.

Da ta lafa, Gwaggo ta share fuska da gefen zane ta juyo kaina. Tsohuwar Gwaggon ta dawo.

"Wa ya ga wannan a wurin aikinku?"

"Ni kaɗai. Na goge nasu." Na ba ta labarin Darakta, da Baba Mai Inji da sabuwar hularsa.

"Kika bar dattijo yana kuka, abin na cikin jakarki?"

"Don ke na yi, Gwaggo."

"Don ni, ko don labulen uwarki?" Na sunkuyar da kai, don ta taɓa inda ke ciwo. "Ban goye ki don ki yi sata ba. Mutum ya ajiye abu shekara arba'in da takwas ƙarƙashin gadonsa, ni da nake mai fuskar ma ban ajiye ba. Ki mayar musu. Litinin kuma ki kai ni in gaishe shi."

"In na mayar za a sa a fim. Duk gari zai gani."

Ta kalli shuɗiyar rigar da ke ƙarƙashin allura.

"To ki roƙi maigidan naki ya jinkirta. A ɗaura tukuna. Bayan nan kowa ya gani."

"A'a, Yaya," Abba ya ce. "In za su tafi, su tafi yanzu, muna tsaye. Ba za a kai min 'ya gidan da za ta dinga ɓoye ki ba." Ya dube ni. "Amma aurenki ne, Auta. Ke za ki faɗa."

Na fita tsakar gida na kira Darakta tukuna, don na san in na jira zan tsorata. Na ce masa fuskar ba ta narke ba, ni na cire, kuma Litinin zan gaya masa dalili.

"Ki zo da hoton," ya ce. "Maganar sunanki a kan allo kuma, sai na yi tunani."

Ya kashe. Shekara biyu na aiki, jama'a. Ban ce bai kyauta ba.

Sannan na buɗe sunan Likita. Na tura masa sakan arba'in ɗin, na rubuta a ƙasa:

"Ka kalli wannan. Gwaggo ce. Nan da sati uku duk gari zai gani. Ka nuna wa Hajiya kafin ku zo. Ga tambayar nan an yi mana."

Alama ta nuna ya buɗe. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Daga nan shiru.

Na share ɗakina sau biyu. Na wanke kwanukan da ke wanke. Na canza riga, na sake mayar da ta farko. Umma ta dawo da kafet a naɗe, Abba ya ja ta gefe ya yi mata bayani, na ji ta ce "Innalillahi" ta zauna a kan kafet ɗin tun ba a shimfiɗa ba. Awa ɗaya da minti ashirin, ko harafi bai turo ba.

Rana ta yi sanyi, ana shirin kiran magariba, sai na ji hon a ƙofar gida.

Na ruga taga. Motarsa ce. Ya fito bai ɗaga kai ya dubi tagata ba, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Hajiyarsa ta sauko a hankali cikin babban farin mayafi, wayarsa a hannunta. Na ƙura wa fuskarta ido iya ƙarfina, ban karanto komai ba.

Gidan ya rikice. Abba na neman hularsa alhali tana kansa. Umma na tura kafet bayan kujera da ƙafa. Ni na isa bakin ƙofa na kama sakata, na tsaya ban zare ba.

"Matsa, 'yar nan."

Gwaggo ce a bayana. Ta ɗaura sabon kallabi, ta zizara kwalli, abin da ban taɓa gani a idonta ba tun da aka haife ni. Ta tsaya cak, kafaɗa a miƙe.

"Wancan karon ina ɗaki aka yanke magana a kaina," ta ce. Ta ɗauke hannuna daga kan sakatar ta ɗora nata. "Yau ni zan buɗe musu."